Tsohon yadi da kayan gwanjo: abin dubawa kafin a sa almakashi

Mai Koyo: Assalamu alaikum manyanmu. Tambayata kan tsofaffin yadika ce da kayan gwanjo: zanen gado, labule, rigunan maza, wandon jins, da irin yadin da ya shekara ashirin a ƙasan akwati ba a taɓa ɗinka shi ba. Ana so a mayar da su jaka, rigar filo, kayan yara ko bargon ƙyallaye. Ta yaya ake gane wanda zai ɗinku da wanda ɓarnar zare ne kawai? Kuma wane irin wanki ake yi musu kafin yanka?

Tsohon Tela: Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye maganar wanki tukuna, ƙarfi ake fara dubawa. Ido ba ya gane mataccen yadi, hannu ke gane shi. Ki kama wuri guda da hannu biyu, tazarar inci 1 tsakanin yatsunki, ki ja da ɗan ƙarfi. Ki ja a tsaye, ki sake ja a kwance, domin sau da yawa zaren ɓangare ɗaya ke mutuwa ya bar ɗayan. In kin ji ƙara kamar ana keta takarda, ko saƙar ta buɗe ba ta koma ba, ki bar shi komai kyan zanensa. Daga nan ki ɗaga shi sama ki kalli haske ta cikinsa. Inda ya siɗe zai fi haske, ƙananan huji ma a nan suke tona kansu.

Kuma kowane kaya da inda yake mutuwa. Zanen gado tsakiyarsa ce, gefuna suna nan da ransu. Labule layi-layi yake lalacewa, a kan tudun ninkin da rana ke duka. Riga: wuya, hammata, gwiwar hannu. Jins: gwiwa, tsakanin cinyoyi da bakin ƙafa. Yadin da ya daɗe a ninke kuwa, layin ninkin ne ke koɗewa ya yi rauni, kuma guga ba ta goge shi. Duk inda kika samu, ki zagaye da alli tun kafin ki manta.

Hajiya Mai Keke: Baba Tela ya gama da ƙarfi. Na biyu, ƙanwata, ki san da me aka saƙa shi, don shi ke faɗa miki zafin ruwa, zafin guga da allurar da za ki sa. Yawancin kayan nan ba lakabi a jikinsu, mai lakabin ma rubutunsa ya goge. Ki yanko ɗan ƙyalle kamar faɗin farce daga cikin kalmasa, ki riƙe da hantsaki a saman kwanon ƙarfe mai ruwa, ki kusanta shi da wutar ashana. Auduga da lilin nan take suke kamawa, su yi warin ƙonanniyar takarda, su bar toka mai laushi, bakin kuma ya ci gaba da ja bayan harshen wutar ya mutu. Ulu da siliki ƙaurin gashi suke yi, wutar ta mutu da kanta in kin janye, su bar baƙin dunƙule mai murƙushewa a yatsa. Foliyesta da nailan gudun wuta suke, su narke, su ɗiga, su bar ƙwallo mai tauri. Kada ki taɓa shi da zafinsa, manne wa fata yake.

Malam Almakashi: Hajiya, a ƙara da reyon, wanda wasu ke kira biskos, don shi ya fi yaudarar mutane. Daga itace ake sarrafa shi, saboda haka ƙonewarsa sak ta auduga. Ruwa ke raba su. A zaro zare biyu, a jiƙa ɗaya, a ja kowanne. Auduga ƙarfi take ƙarawa in ta jiƙe, reyon kuwa yana iya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Shi ya sa ba a murɗe shi, ba a kuma shanya shi a rataye yana ɗigar ruwa, sai ya miƙe ya karkace. In an ga toka ga kuma ɗan tauri a bakin ƙunar, gauraye ne na auduga da foliyesta, a yi masa guga da zafin foliyesta.

Wannan gwajin yana taimakawa wajen shekaru ma. A 1941 aka ƙirƙiro foliyesta a Ingila, kuma bai cika kasuwa ba sai shekarun 1950. To duk wanda ya miƙo yadin foliyesta ya ce ya shekara ɗari, labari ne. Faɗi ma shaida ne: yawancin yadin auduga na kafin shekarun 1960 inci 36 ne, na baya ne suka koma 45 da 60. A lura da wannan wajen lissafi, don yadi 3 na mai faɗin 36 ba zai fitar da abin da yadi 3 na mai faɗin 60 ke fitarwa ba.

Ɗan Gwanjo: Kafin kaya su haɗu da sauran yadin ɗakin ɗinki, a ɗauka suna da baƙi. Kuɗin cizo na ɓuya a cikin kalmasa, asu kuma na ajiye ƙwai a ulu da siliki. Tsutsarsa ce ke cin kaya, ba mai tashin ba. Alamarta ƙananan huji, da wani gari kamar yashi, da siririn yana a cikin ninki. Auduga, lilin da foliyesta masu ƙarfi a wanke su da ruwa mai zafin digiri 60, su yi aƙalla minti 30 a ciki. Abin da ba ya son ruwan zafi, a sa shi a leda a bushe, a matse iskar, a ɗaure, ya yi mako guda a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. In an fito da shi kada a kwance ledar sai ta kwana, raɓar ta taru a bayan leda maimakon jikin yadin.

Warin kafur ba ya jin sabulu sosai. Iska ce maganinsa: kwana uku zuwa mako a shanye a inuwa. Funfuna kuma a kakkaɓe ta da buroshi a waje, a rufe hanci, sannan a wanke. Amma inda ta yi baƙin ɗigo-ɗigo, a sake gwada ƙarfin wurin, domin cin auduga take.

Anti Surfani: Ga yadi mai zubar da launi kuma, a jiƙa shi a ruwan gishiri ya kwana, ko a zuba masa binega rabin kofi. Launin zai kama.

Malam Almakashi: Anti, da girmanki, a nan kam ban bi ki ba. Gishiri a cikin tukunyar rini yake aiki, shi ke tura launi cikin auduga lokacin da ake rinin. Binega kuma ta rinin ulu da siliki ce, ita ma a lokacin rini. In an gama an busar, ba abin da suke ɗaurewa. Abin da ke zuba rarar launi ce wadda tun farko ba ta kama zaren ba, kuma maganinta a fitar da ita.

Anti Surfani: Amma Malam, kowa na gani da idonsa, bayan jiƙon gishirin zubar tana raguwa.

Malam Almakashi: Tana raguwa, gaskiya ne, amma jiƙon ne ya yi aikin. A raba ƙyalle biyu, ɗaya a ruwan gishiri, ɗaya a zallan ruwa, a kwatanta da safe. Gwajin da ya fi sauri shi ne a jiƙa farin ƙyallen auduga, a ɗora a kan yadin, a danna da dutsen guga mai ɗumi na daƙiƙa 10. In launi ya hau farin, a wanke yadin shi kaɗai cikin ruwa mai yawa, a yi ta sauya ruwa. In an yi wanki huɗu ko biyar yana zuba, ba na haɗawa da fari ba ne, musamman ja da shuɗi mai duhu. A yi jaka da shi shi kaɗai, a bar shi daga bargon ƙyallaye, don ƙyalle ɗaya tak ya isa ya ɓata aikin wata guda a wankin farko.

Hajiya Mai Keke: Tabo kuma, kada guga ta hau shi kafin ya fita, zafi dasa shi yake. Farin da ya yi ɗorawa saboda daɗewa a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi da hodar cire tabo mai oksijin, awa 6 zuwa 8, sannan a ɗauraye sau biyu. Auduga da lilin ke nan, ban da ulu da siliki. Bilic mai kulorin kuwa a nesanta shi: yana narkar da ulu da siliki, yana ƙara kashe tsohuwar auduga, tsatsa ma ƙara mata duhu yake. Tsatsar fil ko ta maɓalli, ruwan lemun tsami da gishiri, a shanya a rana, a ɗauraye sosai. A fara gwadawa a ɓoyayyen wuri in yadin mai launi ne. Sai dai ki sani, tsohuwar tsatsa ta riga ta ci zaren, wani lokaci tabon na fita huji ya maye gurbinsa. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Tabon da ya ƙi fita, a kewaye shi wajen yanka, ko a ɗora aljihu a kansa.

Mai Koyo: Na gode ƙwarai. To wajen wargaza rigar, farkewa ake yi ɗinki bayan ɗinki, ko yankawa?

Tsohon Tela: Yankawa, sai inda kike bukatar rabin incin rarar da ke cikin ɗinkin. Rarar da ke cikin tsohon ɗinki ta riga ta sha hujin allura, launinta ma ya bambanta da na sauran. Ki bi gefen ɗinkin da almakashi ki wuce. Rigar namiji babba tana ba da baya guda mai kusan inci 22 zuwa 24 a faɗi, gaba biyu, da hannuwa biyu waɗanda in an buɗe su sun isa aljihu ko shafin ƙaramar jaka. Jins kuwa, kowace ƙafa na da ɗinki biyu, ɗaya kwantacce mai layi biyu, ɗaya na talaka. Ki buɗe ta na talakan, kwantaccen ya faɗo tsakiya ya zama ado. In kin juya ciki kin ga ɗinkin kamar sarƙa yake, ba sai kin wahala da reza ba: ki tsinke a ƙarshen da ɗinkin ya tsaya, ki ja zaren ƙasa, zai warware gaba ɗaya. In ya ƙi, ta ɗaya ƙarshen ne.

Abin da ya fi kayar da masu koyo shi ne tsayuwar zare. Sabon yadi bakinsa ke nuna miki tsaye, ƙyallen riga ba shi da baki. Ki zaro zare ɗaya daga gefe zuwa gefe, layin da ya bari shi ne ma'auninki. Kada ki yaga tsohon yadi don daidaita shi, yagar na miƙar da inci guda a kowane gefe, wani lokaci ta kauce ta bi inda ya yi rauni. In aka yanka a karkace, jakar za ta murɗe bayan wanki, kuma ba gugar da za ta dawo da ita.

Hajiya Mai Keke: Mai ɗan rauni amma kyakkyawa, a manna masa gam ɗin nan da ake dannawa da guga, mara nauyi, sai ya tsaya.

Tsohon Tela: Hajiya, gam na da wurinsa, amma ba a kan komai ba. In ya manne ya manne ke nan, ba gyara. Yana kashe laushin yadi, kuma in tsohon yadin da gam ɗin ba su ja daidai ba, bayan wanki uku za a ga fuskar ta yi ƙuraje. Ga abin da za a sa a jiki, gara a yi masa goyo: a yanka siririyar auduga daidai da kowane yanki, a shimfiɗa su tare, a bi gefe da dogon ɗinki a kan kwatan inci, daga nan a ɗinka su kamar yadi ɗaya. Nauyin ɗinki sai ya koma kan sabon, tsohon ya zama fuska kawai.

Hajiya Mai Keke: Na yarda da goyo a riga, Baba. Amma ƙyallen rigar shat mai miƙewa fa, ko silikin nektai da aka yanka a bayas, wato a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, tun daga kamfani? Waɗannan in ba gam, ba za su tsaya a murabba'i ba ko an yi musu addu'a. Ƙurajen kuma yawanci laifin mai guga ne. Ana ɗora ƙyalle mai danshi, a danna daƙiƙa 10 zuwa 15, a ɗaga, a matsa gaba. Ba a jan dutsen gugar. Sannan a bar shi ya huce a shimfiɗe kafin a motsa shi.

Tsohon Tela: A waɗannan biyun kin fi ni gaskiya. Abin da ba za a bari ba, ko gam ko goyo ko shafi: duk sabon yadin da zai haɗu da tsoho a wanke shi tukuna. Tsohon ya gama tsukewarsa tuntuni. Sabuwar auduga na iya ja da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wato kusan inci 1 a cikin inci 20. Shafin ya tsuke, fuskar ta yi jaka-jaka.

Allura da Zare: A kan keke kuma. Tsohon zaren da ake samu a cikin kayan gwanjo, a ja shi tsakanin hannu biyu. In ya tsinke ba gardama, na ɗinkin wucin gadi ne kawai. A sa sabuwar allura a kowane aiki: lamba 70 ga siliki da siraran yadi, 80 ga rigunan auduga, 90 ga labule, 100 ko 110 ga jins. Mai miƙewa yana son allura mai dunƙulallen baki, in ba haka ba tana tsinka saƙar, ƙananan huji su fito a bin ɗinki. Zanen gado mai matsattsiyar saƙa kuwa mai tsini sosai yake so. In keke na tsallake ɗinki a kansa, allura za a fara sauyawa kafin a taɓa tenshan, wato abin daidaita taurin zare.

Tsawon ɗinki a bar shi milimita 2.5 zuwa 3. Mutane na ɗauka gajeren ɗinki ya fi ƙarfi, amma a tsohon yadi jera huji yake kusa da kusa, yadin ya yage a kan layin kamar takardar rasit. A jins a kai shi 3.5. In an zo tudun da ninki ya taru, a buga shi da guduma a kan katako ya kwanta, a cusa ninkakken kwali a bayan ƙafar keke ta daidaita, a juya wili da hannu har a haye. Yawancin karyewar allura a wannan tudun ne.

Mai Koyo: Yaya, ko za a taimaka da awo na abu biyu ko uku da mai farawa zai iya?

Allura da Zare: Mafi sauƙi rigar filo daga rigar namiji, don maɓallan sun riga sun zama ƙofa. Ki rufe maɓallan duka, ki shimfiɗa rigar, ki yanka gaba da baya tare, inci 17 da 17 ga filo mai inci 16. Ki daidaita yadda layin yanka zai faɗa tsakanin maɓalli biyu, kada ɗaya ya zo ƙarƙashin ƙafar keke. Ki haɗa fuska da fuska, ki zagaye duka gefe huɗu a kan rabin inci, ki rage kusurwoyi, ki cusa hannu ki buɗe maɓallan, ki juyo.

Jaka daga jins ko labule: yanki biyu inci 15 da 16, shafi biyu daidai da su. Hannu biyu, kowanne inci 4 da 24, a ninka gida huɗu ya koma inci 1, a bi gefe biyu da ɗinki. Don gindi ya zauna, a cire murabba'in inci 2 a kowace kusurwar ƙasa, ana aunawa daga layin ɗinki, a buɗe a haɗa, zai ba da gindi mai faɗin inci 4. Inda hannu ya haɗu da jaka a yi akwati da gicciye a cikinsa, kuma a sa ƙyalle mai ƙarfi ta ciki, don nan ne tsohon yadi ke fara yagewa.

Anti Surfani: Bargon ƙyallaye kuma lissafi ne. A yanka murabba'i inci 5, ɗinki kwatan inci, kowanne ya koma 4 da rabi. Jeri 13 na guda 10, wato ƙyalle 130, zai ba da inci 45 da 58 da rabi. Kwatan incin nan kada ya motsa. In ɗinki ya zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, yana cin ninki biyu na haka tunda ƙyalle biyu ya kama, a haɗi 9 an rasa fiye da inci guda, jeri ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. A manna tef a kan farantin keke ya zama jagora. Kuma a haɗa masu nauyi ɗaya: jins kusa da siririyar auduga, mai ƙarfin ne zai yaga mai raunin. Ragowar ma ba a zubarwa. Murabba'in inci 18 in aka yanka shi a bayas, faɗin inci 2, yana ba da tsiri kusan yadi 4, na bin baki.

Ɗan Gwanjo: Kayan yara a ƙara hattara. Labule mai roba a bayansa, wadda ke ɓarɓashi in ta tsufa, ba na jikin yaro ba ne. Tsofaffin maɓallai da duwatsun ado ba a sa wa ɗan ƙasa da shekara 3, baki suke kaiwa. Amma kada a jefar da gawar riga ba a cire maɓallai da zif ba. Zif ɗin ƙarfe in yana cijewa, a goga masa bakin fensir ko kyandir a haƙora. In ya yi tsawo, ta sama ake rage shi: a cire haƙoran da filaya, a mayar da matsayar.

Mai Koyo: Saura ɗaya, Baba. Akwai yadin da ya mutu amma aikin zaren da ke kansa lafiya lau. Akwai kuma tsohon siliki da ke tsagewa da kansa ko ba a ja shi ba.

Tsohon Tela: Silikin ki haƙura da ɗinka shi. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 masana'antu sun riƙa jiƙa siliki da gishirin kuza don ya yi nauyi, kuma wannan sinadarin ne ke cin zaren daga ciki. Gam ba ya tsayar da shi, goyo ma haka. In abin tunawa ne, a shimfiɗa shi a firam, nesa da rana. Mai aikin zaren kuwa ana ceto shi. Ki manna gam mara nauyi a bayan aikin tun kafin ki yanka, ki yanke shi da rarar rabin inci a kewaye, ki tsattsaga rarar a inda ya yi lanƙwasa, ki kalmashe ta ciki, ki ɗora a kan sabon yadin da aka riga aka wanke. Da hannu za ki bi gefen, ɗinki ƙanana, tazarar milimita 3. In aikin ya fi tafin hannu faɗi, ki ƙara ɗinki a cikinsa, kina bin layin zanen da zare mai launinsa, don kada tsakiyar ta yi ciki ta rataya bayan wanki.